Ƙwanƙwasar bayan E46 ɗina: sai da yaro ya kwanta a but muka gano ta

Jiya bayan la'asar na ɗauki titin Zariya daga Na'ibawa har Kura na juyo, rediyo a kashe, gilashi a sauke, ina kasa kunne kamar mai jiran sallamar baƙo. Shiru kake ji. Wata biyar ke nan rabon da motar nan ta yi tafiyar minti goma ba ta ce "ƙwas" daga baya ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku tun abin yana da zafi, musamman ku da ke ta tambayata wane sifirin za ku saya.

Ga waɗanda ba su bi labarin daga farko ba: BMW 330Ci ce ta 2003, samfurin da ake kira E46, mai ƙofa biyu, injin M54 lita uku, taya 225/45 a kan rim 17. Burina bai wuce in rufe wannan ratar da ke tsakanin taya da fenda ba, kuma ta daina tangaɗi a kwana.

Kuskuren farko nawa ne ni kaɗai. Na tsinci sifirin guda huɗu 'yan Beljiyam a kasuwa, jan fenti, babu lamba babu sunan kamfani, mai shagon ya ce daga irin motata aka ciro su. Arahar ta ɗauke mini hankali. Muka ɗora su a kan tsofaffin shoka, waɗanda ina kyautata zaton tun daga masana'anta ba a taɓa sauya su ba. Kafin aikin na auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen fenda, gaba milimita 355. Bayan sati guda da ta zauna, 305. Wato ta sauka 50 cif. A hoto kam ta yi kyau, ba ƙarya, har wani ya tsayar da ni a gidan mai yana tambaya ko ta sayarwa ce. Amma a kan hanya sai ka rantse a kan jaki kake. Ƙaramin tudu ɗaya, ta yi tsalle uku kafin ta natsu. Tudun rage gudun da ke bakin layinmu kuwa sai na bi shi a karkace, taya ɗaya-ɗaya, masu adaidaita na ta danna mini oda a baya.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan taurin sifirin. Ashe ba nan take ba. Abin da ya buɗe mini ido shi ne wannan igiyar roba mai haƙora da ake ɗaure wayoyi da ita. Na ɗaga rigar ƙura, na ɗaura ɗaya a sandar shokar gaba, na tura ta ƙasa har ta taɓa bakin shokar, na zaga unguwa a hankali na dawo. Na tarar da ita can sama, ta cusa kanta cikin robar nan mai kama da soso da ke tare shoka idan ta kai ƙarshe. Robar ma ta riga ta farfashe, kana taɓawa tana zuba kamar busasshen burodi. Ashe tun motar na tsaye ratar da ta rage tsakanin bakin shoka da robar ba ta kai kaurin yatsa ba. Ke nan ba a kan sifirin nake tafiya ba, a kan roba nake. Ga shokar ta gaji, ba ta da ƙarfin riƙe sifirin mai tauri idan ya tashi miƙewa, shi ne tsallen.

Kafin in farga da wannan, tayoyin baya biyu sun tafi. Daga waje lafiya lau, amma ka zura hannu gefen ciki sai ka ji sumul, har waya ta fara leƙowa a ɗaya. Motar da aka saukar tayoyinta na baya sukan kwanta ciki ta sama, saitin bakinsu ma ya goce, ni kuma na ce alaimen ya jira ƙarshen wata. Naira dubu 190 na biya na sababbi biyu. Wannan ta yi mini ciwo fiye da komai, don sakaci ne tsagwaronsa. Garin neman gira na rasa ido.

Sai na koma baya na yi abin da ya kamata tun farko, wato zaɓen sifirin da shoka tare. A sifirin ban ɓata lokaci ba. Tsakanin H&R Sport da Eibach Pro-Kit, duka 'yan Jamus, na ɗauki Eibach don saukarsa ba ta kai ta wancan ba, kuma na san hanyoyin da nake bi. Ku lura da abu ɗaya: yawancin masu ƙofa biyun nan sun fito da ƙafafun wasanni, wato sifirin da shoka masu ɗan tauri, tun daga masana'anta, sun ɗan fi mai ƙofa huɗu ƙasa, don haka adadin da za ku gani a jikin kwali ba lallai ku same shi cikakke ba. Tawa ta tsaya a 332 a gaba. Da farko na ɗan ji haushi, ratar tana nan kaɗan. Yanzu kam ba na son ko milimita ɗaya a ƙara.

A shoka ne na yi sati uku ina kai-kawo. Koni mai ruwan ɗorawa, ta Holan, ta ja ni saboda ana iya ƙara mata tauri ko a rage. Amma ta baya a wannan motar sai an ciro ta an danne ta kafin a juya saitin, ni kuwa na san halina, zan yi ta kwancewa ina ɗaurawa har in gundure bakanike. Bilstein kuma B6 da B8 kusan ɗan juma ne da ɗan jummai a aiki, bambancin shi ne B8 an gajarta ta don sifirin da aka saukar, ta yadda ko tayar ta rataya a iska sifirin ba zai yi sako-sako a mazauninsa ba. Na ɗauki B8. Haɗin nan da Pro-Kit ma Bilstein yana sayar da shi a kwali guda da sunan B12, da na sani tun farko da ban biya kuɗin jirgi sau biyu ba. Jimilla da kwastan ya haura naira miliyan ɗaya da rabi. Uwargida ta san rabin wannan adadin ne kawai, don Allah kada wani ya kai mata sauran.

Wani abu ga masu ɗaurawa da kansu: B8 ta gaba tana da robar tsayawarta a ciki, ba a ƙara mata ta waje. Yaron gareji har ya zura sabuwa a sandar, da ban tsaya a kansa ba da mun koma gidan jiya.

To, a nan ne ƙwanƙwasar ta shigo. Tsalle ya tafi, kwana ta yi daɗi, sitiyari ya fara magana, amma duk ƙaramin gargada sai ka ji "ƙwas" daga baya ta dama. Babban rami ba ta yi, sai ƙanana. Da safe ta fi yi. Muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Na kwashe komai daga but, safaya da jak da sifana, tana nan. Batirin motar nan a but yake ta dama, daidai inda sautin ke fitowa, na yi murna na ce shi ne, muka ɗaure shi tamau, tana nan. Muka sauya 'yan sandunan stabilaiza na baya. Muka sauya robobin da ke rataye da salansa. Bakanikena ya ce sifirin bai zauna daidai a kan robarsa ba, muka sauke muka juya shi, tana nan daram.

Daren da ban yi barci ba shi ne wanda na tuna da matsalar da aka san E46 da ita, ta tsagewar ƙarfen gindin mota a inda gadon ƙafafun baya ke ɗaure. Wata uku ina dukan wurin nan da mota marar shoka. Washegari muka ɗaga ta, muka wanke wuraren ɗaurin guda huɗu da fetur, na bi su da tocila ina Hasbunallahu. Babu tsaga. Na yi hamdala, amma ƙwas tana nan, har na fara zargin sabuwar shokar kanta, ina lissafin yadda zan mayar da kaya ƙetare.

Bakaniken ne ya gaji ya ce, "Alhaji, mu daina duba. Mu sa kunne a ciki." Muka kwantar da kujerar baya, muka ɓare kafet ɗin gefen but, ƙaramin yaronsa ya shiga ya kwanta, ƙafafunsa a cikin mota, tafin hannunsa a kan kan shokar dama. Na ja a hankali cikin layin garejin, wanda ba kwalta. Ko mita hamsin ba mu yi ba ya ɗaga murya: "Oga, ga ta nan! Tana dukan hannuna!"

Mazaunin shoka na sama ne, wannan ɗan ƙarfen mai roba a tsakiya da noti biyu ke riƙe da shi. Robar ta rabu da ƙarfen zagaye, amma a tsaye matsin gas na sabuwar shokar yana tura ta sama ta zauna kamar lafiyayya, shi ya sa duk girgizar da muka yi da hannu ba ta nuna ba. Kuma ni ne na ce a mayar da tsofaffin ranar ɗauri. Bakaniken ya ce a sauya, na ce ai da sauransu. Na kashe miliyan da rabi, na yi rowar abin da bai kai dubu 40 ba. Bai ce mini komai ba, ya dai ɗora matacciyar a kan bonet inda zan gan ta, ya tafi sallar azahar.

Mun sa sababbi duka gefe biyu, da faranti na ƙarfafawa irin na motar BMW Z3 a sama don kada wurin ya tsage. Kusar shoka ta ƙasa kuma ba mu ƙarasa ɗaure ta ba sai da motar ta sauka a kan tayoyinta, don robar kada ta zauna a murɗe.

Alaimen na biyu na yi shi yadda littafin BMW ya ce, da nauyi a ciki: kilo 68 a kowace kujerar gaba, 68 a tsakiyar baya, 21 a but, tanki cike. Ni da yara biyu muka zauna, aka jefa jarkar ruwa a but, mai alaimen yana ta dariya yana cewa bai taɓa saita mota da fasinja ba. Gefen hagu na baya ya ƙi shiga saiti gaba ɗaya, kusar juyawar ta kai ƙarshenta da saura kaɗan. Ina zargin bushin ɗin hannun baya ne ya gaji, don shi ma tun na asali ne. Na sa an auna zurfin zanen tayoyin ciki da waje an rubuta mini, zan sake aunawa bayan kilomita dubu biyu. Tudun bakin layinmu dai yanzu ina hawansa a miƙe, a giya ta ɗaya, kuma babu abin da ke gogawa sai in mutum huɗu ne a ciki.