Tallata labarin soyayyar sabbin manya ga kamfanonin ɗab'i

Mu uku ne a ɗan ofishinmu da ke Kano, aikinmu tace littafi da shirya wasiƙar da marubuci zai aika wa kamfanin ɗab'i ko dillalin adabi, wato wakilin da ke sayar wa kamfanoni littafin marubuci. Yawancin masu zuwa wurinmu mata ne da hannunsu ya faɗa a rubutun soyayya na Hausa a manhajojin Wattpad da WhatsApp, yanzu kuma sun koma Turanci suna son gwada kasuwar Amurka da Ingila. Gyaran jimla ba ya ba mu wuya. Inda muke daɗewa shi ne layin farko na wasiƙar, wurin da za a faɗi rukunin littafin, musamman in marubuciya ta ce nata New Adult ne, wato na sabbin manya, waɗanda suka fara shiga rayuwar manya.

Sunan ya fito ne a 2009, lokacin da kamfanin St. Martin's Press na New York ya shirya gasa yana neman labaran da suka yi kama da na matasa amma za a iya sayar wa manya. Manyan kamfanoni ba su yi saurin karɓa ba. Marubuta masu buga littafinsu da kansu a intanet ne suka raya shi wajajen 2012 da 2013, sai da aka ga ciniki sannan kamfanonin suka bi su da kwangila. Daga baya kasuwar ta yi sanyi, don shagunan littafi ba su ware masa kanta ba, mai shago ya rasa inda zai jera shi. Masu tallan littafi a TikTok ne suka sake farfaɗo da shi daga 2020. Shi ya sa har yau wani edita na maraba da sunan, wani kuwa da ya gan shi zai ɗauka labarin jami'a ne da aka cika da batsa.

Jaruman sukan kasance daga shekara 18 zuwa 25, amma ni ba shekaru nake fara dubawa ba. Abin da nake nema shi ne mutum a karon farko da ya riƙe ragamar kansa: ɗakin haya na farko, albashin farko, soyayyar da za ta iya kaiwa ga aure, ba kuma wanda zai tare masa in ya yi ɓarna. A nan marubutanmu ke tuntuɓe, domin rayuwarmu ba ta bin wannan layin sak.

Wata ta kawo mini littafi, jarumar 'yar shekara 19, an yi mata aure, tana fama da kishiya da uwar miji. Na ce mata wannan na manya ne kai tsaye. Ta ce, "Haba Anti, sha tara fa take!" Na ce ƙanwata, duba damuwarta: girki, goyo, rabon kwana. Wadda ke lissafin ranar girkinta ta riga ta shige gidan manya, ko da jiya ta gama sakandare. Wata kuma jarumarta na da shekara 24, an tura ta bautar ƙasa Inugu, karon farko da ta kwana ba a ƙarƙashin rufin mahaifinta ba, tana ƙirga alawus ɗinta a bakin katifa, ga saurayin da ba ta san yadda za ta ambata a gida ba. Wannan ko gardama ba mu yi ba.

Sharaɗin soyayyar ma yana nan. A kasuwar can, in ka kira littafi na soyayya, dole soyayyar ce ƙashin bayan labarin, kuma masoyan su ƙare tare cikin farin ciki. In Alhaji ya aure ta a babin ƙarshe saurayin ya bi duniya, littafin na iya yin daɗi, amma sai a nema masa wani rukuni. Batun shimfiɗa kuwa ba farilla ba ne. Yawancin namu ba sa rubuta shi, sai mu faɗa a wasiƙar a jimla ɗaya don kada edita ya sa ran abin da babu.

Wasiƙar shafi ɗaya ce. Rukuni, adadin kalmomi, taƙaitaccen labari, sai littattafai biyu na 'yan shekarun nan da littafin ya yi kama da su. Kafin mu rubuta sunan rukunin, sai mun shiga shafin dillalin mun ga ko ya ambace shi cikin abin da yake nema. In bai ambata ba, mukan rubuta labarin soyayya na manya, mu sa shekarun jarumar a jimlar farko, shi ya gane sauran. Kuma kullum ina ja wa marubuta kunne: dillalin kirki ladansa kashi 15 cikin 100 ne bayan an sayar da littafi. Wanda ya nemi kuɗin karatu tun kafin ya buɗe shafin farko, ba ma aika masa.