Mai Ƙayyade Albashi Daban, Mai Biya Daban

Duk wanda ya daɗe a aikin lissafin albashin ƙananan hukumomi da makarantu, darasin da ya fi zauna masa a kai shi ne cewa wanda ke sanar da ƙarin albashi sau da yawa ba shi ke biya ba. A babban birni ake zama da ƙungiyar ƙwadago, a daidaita, a sa hannu. Ranar biya kuwa ma'ajin ƙaramar hukuma ne ke zaune gaban bauca, abin da ya shigo asusu bai kai abin da ke rubuce ba. Daga nan ake fara biyan rabi ko tsallake wata, kuma malamin firamare da mai shara da mai gadin makaranta su ke fara ji a jika.

Lissafin ba shi da wuya, rashin yin sa ne ke jawo wahala. A ɗauka albashi na cinye kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigar wata hukuma, sai aka yi ƙarin kashi 25. Kashi 25 na 80 shi ne 20, wato albashi ya lashe kuɗin kaf, ba a bar na alli ko magani ko gyaran rufi ba. Kuma ko wannan lissafin bai cika ba. Duk alawus ɗin da aka ɗaura da ainihin albashi zai tashi tare da shi. Gudummawar fansho ta ɓangaren hukuma ma haka; a dokar fansho ta Najeriya ta 2014, alal misali, mai ɗaukar aiki na zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Ga ƙarin shekara-shekara da ke hawar da ma'aikaci tsani ɗaya ko ba a sanar da komai ba, ga ƙarin girma. Sannan ga ariyas, wanda aka fi mantawa da shi: idan ƙarin kashi 25 ya fara aiki a takarda tun Janairu amma ba a soma biya ba sai Yuli, hukuma ta ci bashin albashin wata ɗaya da rabi ba tare da ta je banki ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lokacin da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi. Mutane kan ɗauka na ƙasa kaɗai abin ya shafa, alhali tsanin gaba ɗaya ne ke motsi. A Najeriya mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Tsallen ƙarshen ya haura ninki biyu. Idan na ƙasa kawai aka ɗaga, malamin da ya shekara goma yana koyarwa zai tarar da kansa dab da wanda aka ɗauka jiya, kuma ba abin da ke kashe gwiwar ma'aikaci kamar wannan. Idan kuma aka ninka wa kowa, babu baitulmalin da zai ɗauka. Mafita ita ce ƙarin ya riƙa raguwa yayin da ake hawa, kamar yadda aka yi wa ma'aikatan tarayya a 2019, inda mataki na 7 ya samu kashi 23.2, matakai na 15 zuwa 17 suka samu kashi 14. Amma ba a iya yin wannan sai da jerin ma'aikata na gaskiya, mataki-mataki, tsani-tsani. Wanda ya ɗauki matsakaicin albashi ya ninka da yawan ma'aikata zai yi kuskure, domin malamai kan taru a matakan tsakiya, ba a ƙasa ba.

Wannan ya kawo mu kan jerin kansa. Kowa ya san batun ma'aikatan bogi, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne tantancewar rana ɗaya takan zalunci na gaskiya fiye da yadda take kama na ƙarya. Mai jego, mara lafiya, wanda ya tafi ƙaro ilimi da izini, wanda aka rubuta sunansa iri biyu a banki da ofis, duk sai a wayi gari an cire su. Hanyar da ke aiki a hankali take tafiya: a gwama takardu uku, wato jerin ma'aikata na ofishin gudanarwa, da baucan albashi, da rajistar zuwa aiki da shugaban makaranta ke sa wa hannu. Sunan da ya fito a bauca bai fito a sauran biyun ba, shi ake bincika, kuma a ba mai shi wa'adi ya kare kansa kafin a tsayar da kuɗinsa. Waɗanda suka rasu ko suka yi ritaya a cire su kowane wata. Kada kuma mutum ɗaya ya zama shi ke shigar da suna shi ke amincewa da biya.

Ɓangaren samun kuɗi ya fi wannan nauyi, domin albashi abu ne tsayayye, kuɗin shiga kuwa yana hawa yana sauka. Ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam, kowace da lam'arta. A Amurka babban kaso na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje da filaye na yankin yake fitowa, jihohi su ƙara nasu, gwamnatin tarayya ta ba da ɗan kaɗan. Harajin ba ya yawan girgiza, sai dai yankin masu hali ya fi iya biyan malamai, ƙwararru su yi ta kwarara can. A Najeriya ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.6 na asusun tarayya, wanda ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, kuma daga kason nasu ake cire albashin malaman firamare. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya taɓa hanyar da kuɗi ke bi, amma bai ƙara yawansu ba. Hukumar da ke da malamai da yawa da ƙaramin kaso tana nan da giɓinta. Kenya kuwa ta damƙa ɗaukar malaman firamare da sakandare da biyansu ga hukuma guda ta ƙasa, ta kuma ƙayyade cewa albashi kada ya wuce kashi 35 na kuɗin shigar gundumomi. A ganina wannan ya fi kusa da daidai: nauyin da ba ya sauka a ɗora shi kan aljihun da ya fi zurfi.

Akwai wani bashi da ba ya fitowa a rahoton wata. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, sai a biya ma'aikaci abin da ya rage masa bayan an cire fansho da kuɗin ƙungiya da rancen gama-kai, amma abin da aka cire ɗin ba a tura shi inda ya dace ba. A takarda an biya albashi cif. Sai ranar ritaya ma'aikaci ya tarar da asusunsa wayam. Saboda haka mai duba littafi kada ya tsaya kan shaidar biyan albashi, ya nemi shaidar tura kowane abin da aka cire, wata-wata.

Ma'aikatan makaranta da ba sa koyarwa su ne aka fi mantawa da su a teburin sulhu, kuma mantuwar tana da tsada. A Ingila da yawansu na makonnin karatu kaɗai ake biya, wajen 39 a shekara da ɗan hutu a kai, don haka abin da ke shiga hannunsu bai kai adadin da ke jikin tallar aikin ba. Majalisar birnin Birmingham ta shelanta a Satumbar 2023 cewa ba ta iya daidaita kasafinta, kuma cikin manyan dalilai akwai bashin da aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, na mata irin su mataimakan malamai da masu girki da masu shara, waɗanda aka shekara ana biyansu ƙasa da maza masu aiki a mataki ɗaya da su. Alawus ɗin da aka ba wani rukuni aka hana wani ne ya yi ta taruwa shekara da shekaru, har kotu ta ce a biya.