Gwiwata da labarin Kurt Warner

Na ajiye kwalkwali a ƙarshen kakar bana. Kafin zafin abin ya huce, ina so in rubuta wa ƙannena da ke buga ƙwallon Amurka a jami'o'i, waɗanda idan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba ta kira su ba za su fara tunanin wasan cikin zaure, wato ƙwallon Amurka da ake bugawa a ƙaramin fili mai rufi.

Duk wanda ya shigo wannan sana'a, labarin Kurt Warner ake fara ba shi. Kulob ɗin Green Bay Packers na NFL ya sallame shi a 1994, ya koma jera kaya a kantin Hy-Vee a jihar Iowa, ya buga wa Iowa Barnstormers, kulob ɗin wasan cikin zaure, daga 1995 zuwa 1997, sannan a kakar 1999 ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, tare da kulob ɗin St. Louis Rams, aka kuma zaɓe shi gwarzon shekara. Babu ƙarya a ciki, kuma ina girmama mutumin. Amma na ga yadda wasu masu horarwa suka mai da labarinsa bulalar kora matasa cikin fili da jikin da bai warke ba.

Kun san filin: yadi 50, mutum 8 kowane ɓangare, kafet a shimfiɗe kan siminti. A babban fili, idan ka ga mutum ya taho maka da gudu, sai ka taka layi ka fita. A nan babu layin fita, katanga ce mai soso, kuma sosonta na kare katangar fiye da yadda yake kare ka. A jikinta aka matse mini gwiwar hagu. Washegari ta kumbura, mai kula da raunin 'yan wasa ya duba ya ce sai an yi hoton MRI kafin in sake gudu.

Kocinmu ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce ranar Asabar wani mai neman 'yan wasa daga gasar Kanada zai zo, kuma sunana na cikin waɗanda zai duba. Ya ce ba a ɗaukar kowa daga benci. Ya kawo Warner, kamar kullum. Bai buƙaci ya tuna mini sauran ba, domin kowa ya sani: kuɗinmu a kan kowane wasa ake biya, 'yan ɗaruruwan daloli, wanda ba a sa sunansa a jerin ranar ba ba shi da ko sisi, kuma ɗakin da nake kwana na kulob ne. Mutumin da ke riƙe da abincinka da makwancinka da burinka, idan ya ce "shawara ce kawai", ai umarni ya ba ka. Aka naɗe gwiwar, aka ba ni ƙwaya, aka ɗage hoton zuwa Litinin. Ranar Asabar na shiga fili, kafin hutun rabin lokaci jijiyar ta tsinke.

Bai leƙo ni asibiti ba. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ranar da na je ofis kan kuɗin aikin tiyata, aka ce babu wata takarda da ta nuna na ji rauni a wasan farko, wai wataƙila tsohon ciwo ne na taho da shi daga jami'a. Kocin yana zaune a wurin, ya san abin da aka gaya masa, bai buɗe baki ba. Sai da na ɗauki lauya, mai kula da raunin ya yi ta maza ya faɗi gaskiya, sannan inshorar ma'aikata ta biya. Daga baya wakilina ya bincika, babu wani baƙo daga Kanada da ya zo wasan nan.

Kada ku ɗauka halin mutum ɗaya ne kawai. Tun da Jim Foster ya kafa Arena Football League, gasar wasan cikin zaure, a 1987, ɗan wasa ne ke ɗaukar asarar kowace girgiza. An soke kakar 2009 gaba ɗaya. A Maris 2012, ana rikicin albashi lokacin da yawancin 'yan wasa ke karɓar dala 400 a wasa, mai Pittsburgh Power ya kori tawagarsa suna tsakar cin abinci, sa'o'i kaɗan kafin wasan buɗe kaka da Orlando Predators. A 2019 gasar ta durƙushe da bashi. Da aka farfaɗo da sunanta a 2024, kulob-kulob suka riƙa rufewa ana tsakar kaka. Inda gobe ba ta da tabbas haka, koci na ganin gwiwarka a matsayin kayan aikin wannan makon.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kowane rauni, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi ranar, ka riƙe kwafi. Ka karanta abin da kwantiragi ya ce game da ɗaki idan an sallame ka. Ka tara bidiyon wasanninka da kanka. Ka nemi aikin da za ka koma wa daga Agusta, bayan kaka ta ƙare. Idan azumi ya faɗo cikin kaka, ka sanar da mai kula da lafiya da wuri.

Na warke, alhamdulillahi, na koma na buga wa wani kulob a kan gwiwar da aka ce ta gama aiki, kuma ba a taɓa cire ni daga jerin farko ba. Ina son wasan nan har gobe: 'yan kallo na kusa da kai har kana jin muryar kowa, ƙwallon da ta faɗa cikinsu ta zama tasu, bayan an tashi yara su cika fili suna neman sa hannu.

Shi kuwa kocin yana nan yana horarwa a wani gari. Kwanan baya ya turo mini saƙo, wai ko ina da yara masu ƙarfi daga Najeriya da zan haɗa shi da su. Ina da su. Ban ba shi lambar ko ɗaya ba.