Godiya daga gidanmu na Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar Zango. A madadin Innarmu da duk 'yan gidanmu na Aboabo, nan Kumasi, ina miƙa godiya ga kowa da ya tsaya mana a jinyar ƙanwata. An sallamo ta, jiki kuma Alhamdulillahi.

Masu tambaya ta waya sun yi yawa, bari in yi bayani a nan. Da hannun dama abin ya fara: yatsu suka yi nauyi, zare ya ƙi shiga allura, almakashi yana suɓuce mata. Mai ɗinki ce, kun ga kenan abinci ya tsaya. Wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, wasu suka ce sammu ne. Likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa na Komfo Anokye ya ce ba zai faɗi komai ba sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da laka da na'urar MRI.

Kuɗin hoton ya fi ƙarfinmu, ku kuka haɗa shi. Malam Liman ya yi shela bayan sallar Juma'a, matan adashensu suka bar mata ɗauka alhali ba layinta ba ne, Kawunmu na Nima ya turo nasa tun kafin mu buɗe baki. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Ranar hoton an sa ta cire 'yan kunne da fil ɗin mayafi, domin na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfi. Ta kwanta cikin na'urar ba motsi, ga ƙara, aka yi mata wata allura da ke bambance sabon tabo da tsoho. Hoton ya nuna fararen tabbai a ƙwaƙwalwa da lakar wuya. Bayan an haɗa da gwajin ruwan laka, aka tabbatar cutar multiple sclerosis ce, wadda ake taƙaitawa MS. Garkuwar jikin mutum ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyinsa, kamar wayar lantarki da robarta ta ɓare. Hannun kansa lafiya lau yake, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isowa daidai. Ta fi kama mata 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma ba a ɗaukarta wurin wani. Ba a warkar da ita gaba ɗaya, amma akwai magungunan da ke rage tasowarta.

Godiya ta musamman ga ma'aikaciyar gashin ƙashi. Ta kawo wani allo mai ramuka 9 da 'yan sanduna 9, a jera su ɗaya bayan ɗaya a kwashe, tana duba agogo. Ƙanwata har da dariya, wai wasan yara. Ni kuwa a ganina allon nan ya fi hoton faɗa mana halin da hannun yake ciki, don likita ma ya ce yawan tabo ba kullum yake tafiya da yawan nakasa ba. Yanzu tana ɓalla maɓallin rigarta da kanta. Allurar ɗinki dai tukuna.

Roƙo gare ku iyaye da 'yan'uwa: zafi yana tayar mata da alamun ciwon, masu zuwa dubiya ku bari sai bayan la'asar. Gwaggonninmu masu kawo jiƙe-jiƙe, mun san ƙauna ce, amma a yi haƙuri, ba ma haɗa komai da maganin asibiti sai da sanin likita. Waɗanda ɗinkinsu ke hannunta kuma, yaran shago suna kai, za a kira kowa idan nasa ya kammala.