Gayyar ɗakin Inna

Jiya mun yi aikin gayya a wani ƙauye kusa da Auyo, yankin da kogin Haɗeja ke cin gidaje in damina ta yi nauyi. Ɗakin wata tsohuwa mai riƙon marayu uku muka tayar. Ni da na saba da biro, sai ga ni tsamo-tsamo cikin kwaɓin ƙasa, ina tattaka ramno da ƙafa, yara na yi mini dariya.

Magini ya dage sai an sa bulon siminti layi biyu a gindi kafin tubali ya hau, don ta nan ruwa ke fara ci. Da azahar Inna ta kawo kunun tsamiya a ƙwarya, ta ce, "Sannunku 'yan nan, Allah Ya yi albarka."

Saura azara da kwano, Asabar mai zuwa. Bayana har yanzu ciwo yake.