An ɗinke hujin zuciyata ina da shekara 58

Na haifi 'ya'ya, na aurar da su, ban san da huji a zuciyata ba. Sai bayan na haura hamsin haki ya fara kama ni, daga gidanmu a Tudun Wada zuwa Kasuwar Barci sai na tsaya na huta. Ƙafafu suka kumbura, gabana yana faɗuwa ba dalili. An daɗe ana ba ni maganin asma kafin ɗana ya kai ni asibitin koyarwa na Shika a Zariya, inda hoton zuciya na eko ya nuna huji tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama. Likitoci suna kiransa ASD.

Na ce, "Likita, da tsufana?" Ya ce, "Mama, da shi aka haife ki."

Ya bayyana min cewa jini yana tsallakawa daga hagu zuwa dama, ɓangaren dama yana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa har ya buɗe. Abin da za a duba kuma ba shekaruna ba ne, hawan jinin jijiyoyin huhu ne. In ya yi nisa sosai, rufe hujin kan zama haɗari. Aka zura siririyar roba ta jijiyar cinyata aka auna, Allah ya sa ban makara ba.

Wasu ta wannan jijiyar ake saka musu abin toshewa, ba yanka. Nawa gefensa bai da wurin kamawa, dole aka buɗe ƙirji a Abuja, inji ya riƙe aikin zuciya da huhu, aka yi faci da fatar da ke lulluɓe da zuciyar. Na ji sanyi a raina da aka gaya min tun 1974 aka fara irin wannan tiyata a Najeriya, a Enugu. Kafin tiyatar tawa sai da aka gyara min haƙora saboda ƙwayoyin cuta, 'yan uwa suka ba da jini.

Jinyar ce aiki. Ƙashin ƙirji yana son wajen mako 6 zuwa 8, a zaune na yi ta sallah, ban goya jika ba, in tari ya zo sai na rungume matashin kai.

Hakin ya tafi, amma bugun zuciyar bai daidaita ba, domin ta daɗe da hujin. Shi ya sa nake kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ana gwada jinina a kai a kai. Saboda maganin nan, zogale da alayyahu ina ci daidai gwargwado, ba yau tuli gobe babu ba, kuma duk wanda ya kawo min jiƙe-jiƙe nakan yi godiya in ajiye.