Ku Zo Mini Da Ledar Gaba Ɗaya

Aikin farmasi a Tawa ya koya mini cewa takardar gargaɗin da ke cikin kwali ba ta isa kowa ba. Da Faransanci take, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma yawanci tun a bakin ƙofa ake yar da ita. Gargaɗin da bai fito daga bakin mai sayarwa da Hausa ba, a kwali yake kwana.

Tambayar "kuna shan wani magani?" ma ba ta wadatarwa. Dattijo zai ce a'a, da gaskiyarsa, don a wurinsa na takardar likita kaɗai ake nufi. Ƙwayar da yake saye wurin mai talla kullum bayan la'asar saboda ciwon gwiwa ba ta cikin lissafi. Shi ya sa nake cewa, "Baba, gobe ku zo mini da ledar gaba ɗaya." Idan aka zazzage a kan tebur sai ka ga diklofenak da ibuprofen tare, alhali dangi ɗaya ne. Haɗa su yana kawo gyambon ciki, yana wahalar da ƙoda, kuma yana rage ƙarfin maganin hawan jini irin su kaptopril da ke cikin ledar. Ɗansa kuwa yana ta mamakin tansiyo ta ƙi sauka.

Parasetamol ya fi yaudara, saboda sunayensa sun yi yawa. Doliprane shi ne, Efferalgan shi ne, kowace ƴar ledar garin Fervex ma akwai miligiram 500 nasa a ciki. Lokacin hunturu mai mura yana iya haɗa ukun ya wuce giram 4 a yini, iyakar babban mutum ke nan, hanta ce ke biya.

Sai batun fura, wanda a Ader ba wasa ba ne. Nono yana kama siprofloksasin da tetrasiklin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, a cikin ciki ya hana jiki ɗaukarsu, don haka nake ce wa mutum ya sha ƙwayarsa awa 2 kafin ya taɓa ƙwarya. Amma Coartem na zazzaɓin cizon sauro da nono ko abinci mai maiƙo ya fi shiga jiki. Hajiya guda ta ce, "Ɗana, ku tsai da magana ɗaya mana!" Da gaskiyarta, amma dole kowane kwali a faɗi tasa ƙa'idar.

Alamar mota cikin kusurwa uku da ke jikin wasu kwalaye, rawaya ko ruwan goro ko ja, ƴan kabu-kabu nake nuna wa da yatsa, musamman ja, wadda ke nufin kada a yi tuƙi sam.

Wanda ya fi nauyin faɗa shi ne rifampisin na tarin fuka, da ke karya ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Ba a faɗarsa a gaban layi, balle in miji na tsaye. Abokiyar aikina ce ke jan matar gefe, ta tura ta wurin ungozoma a canza mata hanya.